Kallon Damina da Ido Ɗaya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama, Ya yalwata makwancinki, Ya sa can ta fi miki nan. Baba yana nan da ƙarfinsa, in ban da gwiwa da take damunsa idan gari ya yi sanyi. Ƙanwata Zulai ta yaye 'yarta, mai sunanki. Gidanmu na Fagge yana nan yadda kika bar shi, sai katangar baya da ruwan bara ya kayar muka sake ɗagawa da bulo. Kowa lafiya.

Na ce kowa lafiya ne don haka aka koya mana fara wasiƙa. Ni dai ba lafiya nake ba. Ciwon da ya ɗauke miki gani ya biyo ni, Inna. Ya ci fiye da rabin idona na hagu ban sani ba, yanzu kuma ya fara taɓa na dama. Ranar Talata za a yi mini aiki a na daman, ko Allah zai sa a tsare abin da ya rage. Tsoro nake ji, irin tsoron da yake sa in kai loma baki in rasa ta inda za ta wuce.

Na san ba za ki karanta wannan ba. A waya nake rubutawa, na ƙara girman haruffan har 'yan kalmomi kaɗan suke cika fuskarta, kuma inda abokaina za su gani zan sa shi. Su yi ta tsiya, wai gardi da gemunsa yana kai wa uwarsa kuka. Ban damu ba. Ba zan iya zama gaban Baba in ce masa tsoro nake ji ba, Zulai kuwa kafin in rufe baki ta riga ni fashewa da kuka. Ke kaɗai kika san hanyar nan, don ke kika bi ta.

Bari in faro miki daga farko, tunda ba ki san abin da na zama ba.

Bayan rasuwarki, ƙaninki Kawu Sabo ya ɗauke ni zuwa shagonsa na Kantin Kwari. Leshi da shadda da mayafai yake sayarwa. Da farko ɗaukar kaya da naɗe yadi ne aikina, har aka gano ina da baiwar haɗa kala. Mace za ta zo da ɗan ƙyalle bai fi yatsa ba, ta kwanto shi daga bakin mayafinta, ta ce tana neman ɗankwali ko gyalen da zai shiga da shi, ga biki ya matso. In karɓa, in zaro 'yan kaloli daga kan kanta, in fita da su bakin layi inda rana take faɗowa. Ba a yanke wa kala hukunci a cikin shago. Kawu kullum cewa yake, "Fitilar shago maƙaryaciya ce, fita da shi rana ta gaya maka gaskiya." A ƙarƙashin ƙwan lantarki ruwan hanta da ruwan makuba duk ɗaya ne, ruwan toka ya rikiɗe ya koma ruwan omo. Sai an fita waje kowanne yake komawa gidan ubansa.

Na iya aikin, ba yabon kai ba. Har daga wasu layuka ake aikowa a kira na wajen Alhaji Sabo idan anko ya rikice wa mutane. Na sha hura hanci da idon nan, Allah Ya yafe mini.

Alamun ciwon sun daɗe suna zuwa, ni ne ban gane su ba. Masu baro suka yi ta buge ni ta hagu a cikin kasuwa, ni kuma in juya in wanke su tas, in ce ba sa kallon gabansu. Na yi karo da bakin ƙofa, na ce ƙofar ce ta cika ƙunci. Sau da yawa Kawu zai miƙo mini almakashi ta gefen hagu in bar shi da hannu a sama, har ya fara cewa raini ya shiga tsakaninmu.

Ranar da abin ya fito fili, Mama Chinyere ce a shagon. Tela ce a Sabon Gari, ta daɗe tana sayayya wajen Kawu, ita take ɗinka wa matan cocinsu anko. A Sabon Garin aka haife ta, Hausar bakinta ta fi ta wasunmu daɗi. Na fita da leshinta bakin layi, lokacin ana zafin nan na gab da saukar ruwan farko, gumi ya gangaro mini cikin idon dama. Na runtse shi. Sai rabin layin ya ɓace. Mai lemon da yake tsaye a gefena, da tulin atamfofin maƙwabcinmu, da hannun Mama Chinyere da yake riƙe da ɗaya bakin leshin, duk babu su. Ba duhu na gani ba, Inna. Wurin ne kawai babu shi, kamar ba a taɓa yin sa ba. Na buɗe idon dama, komai ya dawo. Na sake rufewa, suka sake tafiya. Na zube a kan dilar kayan wani ban ko nemi izini ba.

Mama Chinyere ta gane tun kafin in gama yi mata bayani, don marigayi mijinta ya yi fama da irin ciwon. Ba zan manta da abin da ta ce ba: "Ɗana, ido ba ciwon kai ba ne da za ka sha ƙwaya ka ce bari mu ga gobe. Tashi mu je." Ta bar leshinta a kan kanta, ta tare adaidaita, ta kai ni wani asibitin ido a unguwarsu.

Likitan bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce ruwan cikin idon ne yake taruwa ba ya samun hanyar fita, yana danne jijiyar gani a hankali, ba zafi ba ƙaiƙayi. Hawan jinin ido ya kira shi. Ya ce abin da ya tafi ya tafi ke nan, babu magani ko aikin da zai dawo da shi. Sai ya tambaye ni ko akwai wanda ya makance a danginmu. Na ce mahaifiyata, Mama Chinyere ta dafa kafaɗata. Ya ba ni maganin ɗigawa, na yi watanni ina sawa safe da yamma, bai sauke abin yadda ake so ba, shi ne aka tsayar da maganar aiki. Na tambaye shi ko zai yi mini alkawarin zan tashi da idona. Ya ce yawanci ana dacewa, amma alkawari na Allah ne. Tun daga ranar kalmar nan "yawanci" da ita nake kwana da ita nake tashi.

Amma ba don in tayar miki da hankali kaɗai na ɗauki wayar nan ba. Akwai abin da ya same ni a ranar farkon nan da nake so ki ji.

Kafin su duba ni sun ɗiga mini wani magani mai buɗe ƙwayar ido. Muka fito komai ya dushe mini, hasken rana kuma kamar ana soka mini allura. Mama Chinyere ta ce ba za ta bar ni in tsallaka titi a haka ba. Ta ja ni gidansu, wani tsohon bene, ta zaunar da ni a barandar sama ta ce in jira ganin ya washe. Ta kawo mini ruwan sanyi ta koma kan kekenta. Na zauna ina jin ƙarar keken ɗinki da ta janareton maƙwabta, ina ta saƙe-saƙen yadda rayuwata ta ƙare. Wa zai miƙa wa makaho ƙyalle ya ce ya haɗa masa kala? Wa zai ba shi 'ya?

Can bayan la'asar ganin ya fara dawowa. Abin da ya fara fitowa sosai a gabana ganye ne. Ashe barandar cike take da shuka a cikin tsofaffin bokitai da gwangwanayen fenti. Ga ganyen miyar nan ugu ya kama wayar shanya ya hau, ga shuwaka, ga ɗoɗɗoya, ga attaruhu ya fara ja. Ba a daɗe da ba su ruwa ba, wani ɗigo ya maƙale a bakin ganyen ugun ya ƙi faɗowa. Rana ta biyo ta bayan ganyen, jijiyoyinsa suka fito ɗaya bayan ɗaya. Inna, ni da nake taƙamar na san kore kala-kala, ranar na ga koren da babu shi a duk faɗin Kwari. A ganye guda na ga tsanwa, na ga algashi, na ga wani mai duhu wajen gindi da ban san sunansa ba. Na yi ta kallo har ɗigon ya faɗi. Sai na ji ni ina dariya ni kaɗai, hawaye yana zuba. Baiwar Allahn nan ta leƙo a tsorace, ta ɗauka maganin ne ya taɓa mini kai.

Shekara ashirin da ɗoriya ina yawo da ido biyu, ban taɓa tsayawa na kalli ganye ba.

Tun daga ranar na daina sauri. Daga gida zuwa Kwari tafiya ce da ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma yanzu sai in fita da wuri in isa a makare.

Akwai wani ƙadangare da yake zama kan sabuwar katangarmu, kullum yana gyaɗa kai kamar an kawo masa ƙara yana saurare. Mai jan kai muke ce masa tun muna yara muna jifansa, ashe kan ba ja ba ne. Ruwan goro ne, yana komawa ruwan ɗorawa wajen wuya, jikin kuma shuɗi mai duhu irin na shaddar da ta sha bugu. Na san lokacin fitowarsa, na san inda yake ɓuya in ya ga kyanwar maƙwabta.

Akwai kuma shirwa da suke shawagi a saman kwatar mahauta. Da can in kin ga na ɗaga kai sama, to hadari nake dubawa don mu shigar da kaya. Yanzu tsayawa nake in ga yadda ɗaya za ta buɗe fiffike ta kwanta a kan iska, ba ta kaɗa komai, jelar kawai take ɗan karkatawa. Ranar nan wani mai babur ya kusa kwashe ni ina wannan kallon. Ya ja birki ya ce, "Malam, jirgi kake jira?" Na ba shi haƙuri, yana wucewa na sake ɗaga kai.

In kasuwa ta yi sanyi sai in sulale in tsallaka wajen 'yan kayan miya na Sabon Gari. Ba sayayya take kai ni ba. In tsaya gaban kwandunan tumatir da tattasai da gauta da aka yayyafa wa ruwa, in yi ta kallo har mai kayan ya gaji da tambayata na nawa zan saya. Daga nan in sayi gasasshiyar masara mai zafi a bakin titi, in hau barandar Mama Chinyere in zauna ina gaguya, ita tana ɗinki tana ba ni labarin Sabon Garin da ta tashi a ciki. Wajen magariba balbela suke wucewa ta saman gidan, farare tas, a jere, ba hayaniya. Ban san inda suke wuni ba, ban san inda suke kwana ba, amma in ban ga wucewarsu ba sai in ji ranar ba ta cika ba. Rannan Mama Chinyere ta yanko mini ɗoɗɗoya ta dasa a gwangwani ta ce in kai gida. Ta ce, "Ka riƙa murza ganyen kana shinshinawa, ba kallo kaɗai ba." Na gane abin da take nufi. Ban ji daɗin maganar ba, amma na karɓa, yana nan kusa da zogalen da kika shuka.

Daminar bana kuwa na kalle ta kamar don ni aka yi ta. In hadari ya haɗo daga gabas, kowa yana rige-rigen janye kaya da rufa leda, ni sai in haye saman benen da shagonmu yake. Daga can ana hango rufin kwanon Fagge da Sabon Gari iya ganin mutum, da hasumiyoyin masallatai da na coci-coci. Gajimare ya taho baƙi ƙirin, iska ta kwashi ledoji tana wasa da su a sama. Sannan a hango ruwan yana tahowa daga nesa kamar an saki labule, unguwa bayan unguwa, a ji ƙararsa a kan kwano tun kafin ya iso. Sau ɗaya na tsaya har ya same ni, na jiƙe sharkaf, na sauko ina ɗiga a tsakiyar kayan mutane. Kawu ya dube ni sama da ƙasa ya ce wa maƙwabcinmu, "Yaron nan ko dai budurwa ya yi, ko kuwa aljanu ne." Ya san ciwon sarai. Da barkwanci yake rufe nasa tsoron, don likita ya ce shi ma ya zo a duba shi tunda cikinku ɗaya, har yau ya ƙi zuwa.

Kada ki ɗauka wannan daɗin ya rage mini tsoro. Ƙara shi ya yi. Da farko sana'ata kawai nake tsoron rasawa. Yanzu da na san abin da ke cikin duniyar nan kyauta, ba ko sisi, sai na ga girman abin da ake shirin karɓewa. Duk abin da ya burge ni, kafin in gama jin daɗinsa gabana ya faɗi. Kullum da asuba in na farka sai in rufe idon hagu da tafin hannu, in bi silin da na dama kusurwa-kusurwa, in ga ko akwai wadda ta tafi. Makon jiya wata Hajiya ta dawo da mayafi ta ce bai shiga da leshinta ba. Da can da na yi mata gardama har ta yarda. Wannan karon sai kawai na canza mata, na wuni ina tambayar kaina ko son ranta ne, ko idona ne ya fara yi mini ƙarya.

Har koyon makanta na gwada. Ranar da ba kowa a gida na ɗaure fuska da tsohon rawanin Baba, na ce zan taka daga soro zuwa ɗakinki. Tsakar gidan da aka haife ni a ciki fa. Na yi tuntuɓe da turmi, na kifar da bokitin ruwa, igiyar shanya ta shaƙe ni a wuya. Ban kai ƙofar ɗakin ba na fizge rawanin, na zauna a ƙasa ina haki.

Ke kuwa shekaru kika yi kina ratsa tsakar gidan nan da tukunyar miya mai tafasa a hannu. Kina tsince shinkafa da yatsu ba a taɓa tauna tsakuwa ba. Kina gane wanda ya shigo daga yadda yake jan takalmi. Sama tana tas za ki ɗaga hanci ki ce, "Ku kwashe shanya, ruwa ya taho," mu yi ta dariya a ɓoye, kafin a jima mu ne da gudu da kaya a ka. Matan da suke zuwa dubiya su fita suna cewa ba su taɓa ganin mai tawakkali irinki ba. Ban taɓa jin kin ce wayyo ba. In an yi miki jaje amsarki ɗaya ce: "Wanda Ya bayar Shi Ya karɓi abinSa, alhamdu lillahi."

Wannan shi yake ƙara karya ni. Sai nake ganin ban gado ki a komai ba sai a ciwon. Ina salla, ina addu'a, Baba yana yi mini tofi, na yarda da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, amma tsoron bai sake ni ba. Na yi ta tuhumar kaina ko imanina ne da rauni. Kuma ki yafe mini, har haushinki na ji. Na ce me ya sa ba ki taɓa zaunar da ni kin gaya mini yadda abin yake ba.

To, ta yaya ma za ki gaya mini? Ni ne ɗan fari. Ba kya kiran sunana, ba kya zaman hira da ni, ba kya ɗaga ido ki dube ni tun idon yana nan. "Kai" nake a bakinki, ko "wancan". In abincina ne sai ki ce wa Zulai, "Gaya wa yayanki tuwonsa yana hucewa," alhali ga ni zaune a gabanki. Ranar da na faɗo daga kan katanga na fasa goshi, maƙwabciyarmu ce ta ɗauke ni ta wanke mini, ke kina bakin murhu kin ba mu baya. Na san kunya ce, haka aka tarbiyyantar da ku, ban taɓa riƙe ki a zuci ba. Amma na girma da zaton kin makance ba ki gama sanin kamannina ba. Da wannan zaton nake har jiya.

Jiya bayan la'asar na dawo gida da wuri. Baba yana zaune kan tabarma a tsakar gida da carbinsa, rana ta yi sanyi tana faɗowa a gefen fuskarsa. Na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa kamar kullum. Ina kallon yatsun ƙafarsa sai wani tunani ya buge ni. Na haddace ƙadangare, na haddace tsuntsayen sama, amma in aka ce in siffanta fuskar mahaifina ba zan iya ba. Tun da na yi wayo ban taɓa tsayar da ido a kanta ba. Wane ɗa ne zai ƙura wa ubansa ido? Ga Talata kuma tana matsowa.

Ban san lokacin da bakina ya suɓuce na ce masa akwai wani abu a gemunsa ba, ya bari in cire masa.

Babu komai a gemun. Na matsa, na sa yatsa ina tsintar abin da babu, ina kallonsa. Furfura ta cinye gemun, saura 'yan baƙaƙe a ƙasan leɓe. Akwai wani ɗan tabo a gefen girarsa da ban taɓa sanin da shi ba. Idanunsa sun yi zobe ruwan toka a gefe, irin na tsofaffi. Hancina ne sak a fuskarsa. Bai motsa ba, bai dube ni ba, carbin ma ya tsaya a hannunsa. Da na ga abin yana neman yin yawa na ce na cire. Zan ja da baya ke nan ya ce a hankali, "Duba da kyau. Kada ka yi sauri." Na ƙara dubawa. Da na gama ya share fuska da hannun riga, ya ce, "Uwarka ma haka ta riƙa yi maka."

Nan take abin ya dawo mini, Inna.

Daminar ƙarshe ce kafin ganinki ya tafi gaba ɗaya, ina firamare. Kusan kullum in na dawo daga makaranta, ko zan fita ƙwallo, sai ki ce, "Kai, zo nan, wani abu ya faɗa maka a ido." In ce ni ba na jin komai. Ki ce in zo dai. Ki ja ni bakin ƙofar ɗaki wajen haske, ki riƙe fuskata da hannu biyu, ki ɗago ta, ki matso har ina jin ƙamshin hayaƙin girki a jikin zaninki. Ki daɗe kina dubawa. Ki juya ni nan, ki juya ni can, babban yatsanki yana bin girata. Sannan ki hura mini idon sau ɗaya, ki sake ni, ki ce ya fita. Ni kuwa sai mutsu-mutsu nake, abokaina suna jirana a waje, har na koma zagayewa ta bayan ɗaki don kada ki tare ni.

Hannuwanki rawa suke yi. Na tuna sarai, don har na yi zaton zazzaɓi ne yake damunki. Jiya da na sa yatsa a gemun Baba, haka nawa suka yi.

Ashe kin ji tsoro. Ashe ke ma kin yi ta kwasar abin da za ki iya kwasa kafin ganin ya ƙare, kuma cikin abin da kika zaɓa har da ni. Ba ki da halin kallon ɗanki na fari sai da dalili, shi ne kika ƙirƙiro dalilin. Matan unguwa sun ga tawakkalinki, kuma gaskiya suka gani. Rawar hannun kuwa a kan fuskata kika yi ta, ban san me take nufi ba sai jiya.

Ban daina jin tsoro ba, kada in yi miki ƙarya. Yau ma abincin rana yana nan a rufe ban taɓa shi ba. Amma na daina jin kunyar tsoron, tunda mace irinki ta ji shi kuma bai rage ta da komai ba. Baba ya ce shi zai raka ni ranar Talata, da gwiwar tasa da komai. Zan kwanta in bar su su yi aikinsu. Abin da Allah Ya bar mini, da yawa ko kaɗan, zan karɓa da hannu biyu.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki. Ya sa haƙurin da kika yi da rashin gani ya zama sanadin shigarki Aljanna. Ya ba likitocin nan sa'a a kaina, Ya ba duk mai fama da ciwon ido lafiya, Ya ƙara wa Baba nisan kwana. Idan kuma Ya haɗa mu a gidan da babu ciwo, Ya mayar miki da idanunki, ina roƙon alfarma ɗaya. Ki riƙe fuskata ki kalle ni iya son ranki. Ba sai kin ce wani abu ya faɗa mini a ido ba, kuma wannan karon zan tsaya har ki gama.

Wassalamu alaiki.

Ɗanki na fari,
Nafi'u.